Suna Linzami Ne: Ƙorafinmu ga Masu Naɗa Sarakuna a Littattafan Yaƙi

Duk mai bin littattafan yaƙi da ake turowa a WhatsApp da Facebook, ko mai sauraron masu karanta su a YouTube, ya san sarkin da za mu yi magana a kansa. Tun a shafin farko ake kawo shi. Sunansa ya yi kama da Larabci, amma Balarabe bai taɓa jin sa ba. Mu kira shi Sarki Shamzaru ibn Kaizur, don kada mu taɓa littafin kowa. Birninsa na can wata nahiya da ba a faɗa mana ko ana ruwa a cikinta ba. Sai a jero masa laƙabi har layi biyar: sarkin sarakai, gagara gasa, mai dakaru dubu ɗari tara, wanda baƙaƙen aljanu ke durƙusa wa, wanda ya kashe sadaukai dubu a yini guda. A littafi na gaba za a canza masa haruffa biyu, ya zama Shamzubu ibn Kaizal, a sake ɗora masa kayan nan dai.

Mu masu karatu ne daga kudancin Katsina, daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Mun sayi littattafan nan tun suna na takarda, yanzu muna biyan kuɗin shiga zaure a waya, muna ƙona data da dare muna jiran ci gaba. Saboda haka muna da bakin magana. Maganar kuwa ita ce mun gaji da wannan sarki. Ba shi da kakan da za a yi masa gori da shi, ba shi da garin da zai ji kunyar komawa, kuma a duk tarin laƙabinsa babu guda ɗaya da ya ɗora masa nauyin kowa. Hausawa sun ce suna linzami ne. Wannan dokin an sako shi babu linzami.

Kada a ce muna ƙin labarin aljanu da dodanni. Da tatsuniya aka yaye mu, kuma har gobe idan aka ce ga takobi mai magana za mu gyara zama. Aro ma ba mu ƙi shi ba, don magabatan wannan fanni duk sun yi aro. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa ya zuba a Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. Amma fadar Sarki Abdurrahman fada ce da kowane Bakatsine zai shiga ya san inda zai cire takalmi. Makircin Waziri ya yi mana zafi ne don mun san ko wane ne Waziri a fada, mun san girman amanar da ya ci. Da aka naɗa aku a wannan muƙami, dariyar da muka yi ta fito ne daga sanin girman kujerar.

Ahmadu Ingawa, ɗan ƙasar Katsina, ya ɗauko gwarzon mutanen Rasha sukutum ya mai da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi a 1951. Sarkin da Iliya ya yi wa yaƙi ya zama Waldima, birninsa ya zama Kib. Sunayen baƙi ne, amma an tauna su har bakin Bahaushe ya iya haɗiye su, kuma jarumin an ba shi uba da gida da lalurar da ya tashi da ita. Bello Kagara kuwa, a Ganɗoki na 1934, sai da ya kafa jaruminsa a Kwantagora, a bayan Sarkin Sudan Nagwamatse, a lokacin da Turawa ke cin ƙasa, kafin ya jefa shi duniyar aljanu. Mai karatu ya bi shi can ne don ya san inda ya baro. To, bayan shekara casa'in, me ya sa magadansu ke rubuta sarakunan da ba su baro ko'ina ba?

Wasu marubutan za su ce ai Turawa ma ƙirƙirar sunaye suke yi. Gaskiya ne, kuma gara mu duba wanda ya fi shahara a cikinsu. J.R.R. Tolkien, malamin harsuna a Jami'ar Oxford ta Ingila, ya fitar da The Lord of the Rings a 1954 da 1955, kuma da yawanmu mun ga fim ɗinsa a gidan kallo ko a waya. Sarkin wannan labari, Aragorn, yana da sunaye barkatai kamar Shamzarunmu. Sai dai kowane suna da dalilinsa, kuma kowanne sai da aka sha wuya kafin a same shi.

Yana ɗan shekara biyu aka kashe ubansa. Uwarsa ta kai shi gidan wani dattijo mai suna Elrond, aka ɓoye asalinsa don maƙiya na farautar zuriyar gidansu, aka kira shi Estel, wato kyakkyawan fata. Sai da ya kai shekara ashirin aka gaya masa ko shi ɗan wane ne, aka miƙa masa karyayyen takobin kakanninsa. Ya yi shekaru yana aikin soja a ƙasashe biyu da sunan Torongil, mutane ba su san magajin gado ne ba. Mutanen wani gari da yake gadi ba da saninsu ba suka laƙaba masa sunan raini mai ma'anar mai dogon taku, don a ganinsu ɗan yawon daji ne kawai. Daren da ya fara shiga birnin kakanninsa bayan yaƙi, ɗakin masu rauni ya nufa yana yi musu magani, kuma a nan talakawan birni suka gane shi, suka kira shi da sunan koren dutsen da ke ƙirjinsa, wanda ya zama sunan sarautarsa, Elessar. Da ya zo zaɓar sunan gidan da zai kafa, sai ya ɗauko wancan sunan rainin ya juya shi da tsohon harshensu, Telkontar, ya ce da shi za a san zuriyarsa.

Kowane suna tabo ne na wani zamani a rayuwar mutumin. Tolkien bai tsaya nan ba, sai da ya cika ƙarshen littafin da jerin sarakuna da shekarunsu, daga uba zuwa ɗa, har da waɗanda suka yi abin kunya. Ya samo wannan ne daga tsoffin harsuna da labaran yankinsu da ya ƙare rayuwarsa yana tonawa. A gidansu ya haƙa rijiyarsa. Mu kuwa mun kwaikwayi ƙarar sunayen, mun bar aikin da ke ƙarƙashinsu. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin takaicin shi ne dabarar ɓoye yaro a cikin suna tsohuwa ce a wurinmu, kakanninmu mata sun fi Tolkien iya ta. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa takan kira na gaba Ajuji, a nuna kamar abin yarwa ne, ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Wanda ya zo bayan 'yan mata Tanko ne, wanda ya biyo tagwaye Gambo, wanda aka haifa ana tsakar aikin gona Nomau, wanda ya daɗe a ciki Shekarau. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, sai ta yi masa alkunya. Yaron da aka sa wa sunan kakansa sai a ce masa Abba ko Baba, don ba mai iya kiran sunan tsohon gatsau. Mutum ɗaya yana da sunan yanka, da wanda uwarsa ke kiran sa, da na abokan wasa, da wanda sana'a ta ba shi. Ka ji suna, ka ji rabin tarihin gida. A ce sarkin labari sunansa na yarinta Ajuji: mai karatu ya riga ya san an binne ƙananan gawawwaki a gidan nan kafin shi, ya san tsoron da uwar ke kwana da shi, tun ba a zare takobi ba.

Haka sarauta. A ƙasarmu kowane rawani aiki ne mai suna. Madawaki shi ke gaban mahaya, Sarkin Baka na maharba, Shamaki na da barga. Kaura a Katsina sarautar yaƙi ce. Galadima daga Barno kalmar ta zo, tana tuna mana zamanin da sarakunan Hausa ke kallon gabas. Kaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi suna cikin masu zaɓen Sarkin Katsina, wato akwai mutanen da sarki ya san ta hannunsu ya hau. Mata ma suna da nasu, irin su Magajiya da Iya, ga sarauniyoyin Daura da Amina ta Zazzau a bayansu. A littattafan wayarmu kuwa gimbiya ba ta da aiki sai kyau, tana zaune tana jiran wanda zai fi kowa kisa ya ɗauke ta.

Ba sai mun je birni ba. Hakimin Ƙanƙara Sarkin Pauwa ake ce masa, alhali Pauwa wani gari ne daban a cikin ƙasar. Hakimin Faskari Sarkin Yamma ne, kuma kowa a nan ya san abin da ke yamma da mu, iyakar Zamfara da daji. Hakimin Sabuwa Kogo ne, Birnin Kogo kuwa yana ƙasar Faskari. Kowace ɗaya a cikin sarautun nan tana ɗauke da labarin tashi da zama, da garin da ya yi ƙarfi ya ja baya, da bakin iyakar da aka damƙa wa wani ya tsare. Marigayi Yusufu Bala Usman ya bi diddigin irin wannan, kuma littafinsa na 1981 kan tarihin Katsina ya kawo tsoffin garuruwan yankin da ake kira Katsina Laka, irin su Kogo da Maska da Gozaki da 'Yandoto. Marubucin da ya zauna yini ɗaya da tsofaffin fadar hakimi zai tashi da abin da zai ishe shi littafi uku.

Ko kirarin da marubutanmu ke ƙoƙarin kwaikwayo ba su saurare shi da kyau ba. A saurari Narambaɗa, ko Ɗanƙwairo, ko Sarkin Taushin Katsina. Idan suka tashi kambama basarake, iyaye da kakanni suke ambata da sunayensu, suna tuna masa wanda ya gada. Suna yaba kyauta da haƙuri da riƙon jama'a tare da jarumta. Kuma a cikin waƙar nan dai za su juya su yi wa wani ɗan sarki zambo, wanda yake da jinin amma ba shi da halin. Yabon makaɗin fada akwai tuni a cikinsa: wane ya yi kaza, kai ma ana kallon ka. Shamzaru ba shi da wanda zai tuna masa komai.

Tunda mun ambaci 'Yandoto, bari mu tsaya a kanta. Wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ya wuce Sheme da 'Yankara, ya shiga Tsafe, to ya zo bakin 'Yandoto. Yau tana jihar Zamfara, amma a da ƙasar Katsina ce, kuma garin malamai ne da ya yi suna. Daga nan labarin baka ya ce Korau ya fito.

Kafin shi Durɓawa ke mulki, zuriyar Kumayau, waɗanda ake danganta su da tuddan kaburburan Durɓi ta Kusheyi kusa da Mani. Na ƙarshensu Sanau, gwanin kokawa ne da ba a kai bayansa ƙasa, don yana da asiri. Korau baƙo ne, ba shi da ɗigon jinin gidan. Masu ba da labari sun ce ta hannun matar Sanau ya raba shi da asirin, suka kama kokawa a gindin tsamiyar Bawada, ya kayar da shi, ya yanka shi da takobin nan Gajere. Masana tarihi da dama suna sa zamaninsa a ƙarni na 15, suna ƙidaya shi sarkin Katsina na farko Musulmi. Gajere na nan cikin kayan sarautar Katsina har yau.

Ku duba abin da ke ƙunshe a wannan ɗan labarin. Jarumi ne, amma da yaudara ya hau. Ga macen da ta juya tarihin ƙasa, wadda masu labari suka fi kira da matar Sanau kawai. Me ya kai ta, kuma yaya ta kwana a daren? Ga takobin da ba a ce masa mai tsaga duwatsu ba, aka ce masa Gajere. Ga sunan sarkin kansa da ake jin kora a cikinsa. Sannan ga abin da ya fi duka: gidan da aka kayar ba a shafe sunansa ba. Sarautar Durɓi ta rayu, har mai riƙe da ita na cikin masu zaɓen wanda zai zauna a gadon. Wanne cikin littattafan yaƙin da muka karanta bana ya kai wannan zurfin?

Wannan ya kawo mu ga ciwo na biyu, wato bautar jini. A yawancin labaran nan, da zarar an ga maraya mai ƙarfin tsiya a daji mun san ƙarshen: ɗan sarki ne aka sace, ga alamar gidan a kafaɗarsa. Ƙarfinsa daga jini, gaskiyarsa daga jini, ikonsa na mulkar mutane daga jini. A nan ko Tolkien ba ma bin sa, don shi ma ya jingina cancantar sarkinsa da tsarkin zuriya fiye da yadda za mu iya haɗiyewa. Hausawan da suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, su ne kuma suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Sun ga duka biyun da idonsu.

Tarihin Katsina ma bai tsaya a jini ɗaya ba. Korau ya karɓa daga Durɓawa. A 1807 masu jihadi suka ci birnin, Ummarun Dallaje ya zama sarki, tsohon gidan ya yi arewa ya kafa Maraɗi, inda har yau ake kiran mai mulki Sarkin Katsina. A 1906 Turawa suka tuɓe Dallazawa suka naɗa Muhammadu Dikko na Sulluɓawa, wanda a lokacin shi ne Durɓi. Gidaje huɗu ke nan. Amma fadar har yau Gidan Korau ake ce mata, kuma sarkin da ke cikinta ana kiran sa Magajin Korau, ko da yake ba daga tsatson Korau ya fito ba. Abin da ya gada shi ne amanar gari da takobi da alhakin talakawa. Sarki goma, zamani goma. Marubucin da ya gane wannan zai rubuta labarin gadon da yaro mai alama a kafaɗa ba zai kama ƙafarsa ba.

Mai karatu zai iya cewa, duk wannan surutu a kan labarin nishaɗi? Da a wani wuri muke zaune, da sai mu ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, mu yi shiru. Amma mu a nan mun ga abin da laƙabi mara linzami ke zama idan ya sauko daga takarda.

A dazukan da suka kewaye mu, daga iyakar Zamfara zuwa ta Birnin Gwari da ke bayan Sabuwa, akwai mutanen da suka naɗa kansu. Da yawansu Kacalla ake ce musu, tsohuwar sarautar jagororin yaƙi ta Barno. Suna da yara, suna da masu yi musu waƙa, suna sa wa ƙauyuka haraji kafin a yi shuka da kafin a yi girbi. Ma'aunin girma a wurinsu shi ne yawan bindiga, da yawan mayaƙa, da yawan wanda aka kashe, da yawan garuruwan da ke rawar jiki idan an ambaci suna. A koma a karanta jerin laƙabin Shamzaru ibn Kaizur. Ma'aunin ɗaya ne.

A watan Yunin 2020 'yan bindiga suka afka wa Kadisau a ƙasar Faskari, suka kashe gomman mutane. 'Yan sandan Katsina suka shelanta neman Ado Aleru ruwa a jallo bisa zargin hannu a harin, suka sa ladan naira miliyan 5. Bayan shekara biyu, a watan Yulin 2022, aka ɗaura wa wannan mutum rawanin Sarkin Fulani a fadar 'Yandoton Daji, a gaban jama'a. Masu naɗin sun ce zaman lafiya suke nema. Ƙasa ta ɗauki zafi, gwamnatin Zamfara ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. A 'Yandoto fa, garin malamai, garin da aka ce Korau ya fito. Mutanen Kadisau ba sa bukatar malamin jami'a ya yi musu bayanin abin da ke faruwa idan aka raba rawani da alhaki.

Wani zai ce ai Korau ma da yanka ya hau. Haka ne, kuma shi ya sa labarinsa ya cancanci rubutu. Labarin bai ɓoye yadda ya hau ba, bai mai da yaudarar ado ba. Abin da ya zaunar da sunansa shi ne abin da ya tsaya bayansa, birni da fada da tsarin da ya bar wa wanda aka kayar kujera. Marubuci na iya kawo mugun sarki, yana iya kawo kisa. Abin da ba mu yarda ba shi ne ya ƙirga gawawwaki ya ce mana wannan shi ne girma, sannan ya rufe littafi.

Ba mu ce littafi ne ya ba kowa bindiga ba. Wannan bala'i yana da tushensa a rikicin gona da kiwo, da zaluncin da aka daɗe ana yi, da talauci, da makaman da ke shigowa ta iyaka, da sakacin masu mulki. Wanda ya ɗora wa marubuci wannan ya zalunce shi. Maganarmu ba ta kai can ba, amma tana da nauyinta. A daren 11 ga Disambar 2020 aka kora ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara cikin daji da ƙafa, bayan kwana shida gwamnati ta ce an dawo da 344. Ƙannensu da sa'o'insu su ne ke riƙe da waya yau suna karanta ku. Yaron da ya taso yana ganin mai bindiga na karɓar haraji da rana, bai kamata da dare ya buɗe littafi ya tarar ana yi wa irin wannan mutum kirarin gwarzo ba. Ko ba komai, labari ya nuna masa akwai wani ma'aunin.

Mun san uzurorin. Na farko tsoro: idan na sa Galadima ya ci amana a littafina, fada za ta kira ni. Ba mu ce a ɗauko mai rai ko gidan da ake gani a sa a labari ba. A ƙirƙiro ƙasa, a ƙirƙiro gari, a ƙirƙiro sarautun ma, amma a gina su yadda namu suka ginu, daga aiki, daga wuri, daga wani abin da ya faru. Imam ya sa Waziri ya ci amana, kuma littafin ya shiga makarantu an karanta shi shekara da shekaru.

Na biyu, a ce ana kai labari ƙasar da ba a sani ba ne don a sami damar kawo tsafi da bokaye ba tare da an ce an ɓata sunan Musulmi ba. Wannan ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Zamanin Kumayau da Sanau kafin Musulunci ya zauna a fada ne. Ga duwatsun Kwatarkwashi da labaran iskokinsu, ga maharba, ga 'yan tauri, ga 'yan kokawa da layunsu. Filin ya fi ƙarfin alƙalami ɗaya.

Na uku lokaci da kuɗi. Marubucin waya yana turo shafi kullum, masu karatu na yi masa ca a zaure idan ya makara, abin da yake samu bai taka kara ya karya ba, wasu kuma na sace littafin su raba kyauta. Wannan gaskiya ne, kuma mu masu karatu muna da laifi a ciki. Amma tambayar kaka dalilin sunan kawu ba ta cin data. Zama da sanƙira ko tsohon maroƙin fada kuɗin goro ne kawai. Kuma tsofaffin nan tafiya suke yi, wasu ma rikicin ya tashe su daga garuruwansu, sun bar kufai.

Saboda haka ga abin da muke bin ku, 'yan uwa marubuta. A ba sarkin labari sunan yarinta da dalilinsa, a bar mu mu ji wanda ke da ikon kiran sa da shi bayan ya yi rawani. Kowane laƙabi a nuna mana ranar da aka ba shi, da wanda ya ba shi, da abin da ya rasa kafin ya samu. Laƙabi ɗaya da talakawa suka ba shi ya fi goma da marubuci ya jera. Kowace sarauta ta zo da mutanen da za su tuhumi mai ita idan ya gaza: wanda aka naɗa ya tsare ƙofar gari a labari, idan ƙofar ta faɗi, ya tsaya ya amsa tambaya. A bar salsala da tabonta, kakan da ya ci amana, gidan da aka ƙwace wa, matar da aka manta sunanta. Kuma a tuna da masu zaɓe da masu tuɓewa, don sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Mu dai ba za mu daina karatu ba. Gobe da dare za mu sake kunna data. Muna jiran ranar da za mu buɗe shafin farko mu ga jarumi ya fito daga gari mai kama da Pauwa ko Birnin Kogo, uwarsa na kiran sa da alkunya, takobinsa gajere, kuma ranar da aka naɗa shi abin da zai fara tambaya shi ne ƙauyuka nawa ne ba su yi noma bana ba. Wanda ya rubuta mana wannan ya sa kuɗin da ya ga dama, za mu biya.